Da A Ce Napoliyon Ya Ci Nasara, Wa Zai Matse Raken?

'Yan'uwana mata, ku ɗan ajiye tsintsiya ku ba ni aron kunnuwanku, don yau raina a ɓace yake, kuma wanda ya ɓata min shi ɗan gida ne.

Akwai ɗan yayana da yake karatun tarihi a jami'a. Wata Asabar ya shigo ina tsakiyar tankaɗe, ya ce, "Gwaggo, na kawo miki labarin da in kika rubuta shi sai an yi layi a kasuwa." Na ce to ɗana, ina jin ka. Ya ce ai Turawa suna da wani salon rubutu, inda marubuci zai ɗauki abin da ya faru da gaske ya murɗe shi, ya ce da a ce kaza bai faru ba, da me za a gani? Shi nasa "da a ce" ɗin a kan Napoliyon ne, shugaban Faransa. A 1800 Napoliyon ya karɓo wata makekiyar ƙasa daga hannun Sifen, ana kiran ta Luwiziyana, a tsakiyar inda Amurka take yau, girmanta ya ninka Najeriya sau biyu har da ɗoriya. A 1803 kuma sai ya sayar wa Amurkawa ita a kan dala miliyan 15. To yaron nan so yake in rubuta cewa ba a yi cinikin ba. Wai ƙasar ta zauna a hannun Faransawa, ta zama daula mai magana da Faransanci, New Orleans ce babban birninta, ga 'yan mata cikin siliki suna ƙamshin turaren Faris, ga samarin hafsoshi a kan dawakai, ga soyayya a bakin kogin Misisifi.

Ba zan ɓoye muku ba, abin ya burge ni. Na sayi sabon littafin rubutu, cikin dare uku na cika shafi goma sha ɗaya. Tauraruwata tana zaune a baranda tana kurɓar kofi da sukari, tana jiran masoyinta ya dawo daga fagen fama. To a nan ne biro ya tsaya min cak. Duk macen da ta taɓa riƙe gida ta san kofi ba ya kawo kansa baranda. Wa ya hura wutar? Wa ya wanke silikin? Shi kansa sukarin daga ina ya fito?

Na sa yaron ya kwaso min littattafansa. Abin da na gani a ciki shi ya hana ni barci.

Ashe Luwiziyana ba ita ce amaryar ba, rumbu ce kawai. Amaryar wani tsibiri ne a tekun Karibiyan da Faransawa suke kira Saint-Domingue, wanda yau muka sani da Haiti. Kafin 1791 wannan ɗan yanki shi yake fitar da kusan kashi 40 cikin 100 na sukarin da Turai take sha, da fiye da rabin kofinta. Masu aikin kuwa bayi ne da aka kwaso daga Afirka, wajen mutum dubu 500, ƙarƙashin Turawan da ba su kai dubu 40 ba. Shirin Napoliyon shi ne Luwiziyana ta riƙa noma abinci da fitar da katako tana aika wa tsibirin, su kuma bayi su ci gaba da rake.

Mu da muka san yadda ake matse rake a yi mazarƙwaila, mun san ƙarfen nan ba ya wasa. A can, sau da yawa mata ake tsayarwa suna tura rake cikin injin, lokacin girbi dare da rana. In gyangyaɗi ya ɗebi mace, ƙarfe ya kama yatsunta, sai ya ja hannun gaba ɗaya. Shi ya sa ake ajiye adda a kusa, don a sare hannun. Dokarsu ta bayi ta 1685 kuma ta ce ɗa uwarsa yake bi, in uwa baiwa ce to abin da ta haifa dukiyar ubangidanta ne. Wanda ya gudu karo na farko a yanke masa kunnuwa a yi masa lalas a kafaɗa, karo na uku kuwa kisa. Ke 'yar'uwa da kike karatun nan da goyo a bayanki, ki taɓa ƙafar ɗanki ki sake karanta wannan layin.

A watan Agusta 1791 bayin suka tashi, suka cinna wa gonaki wuta. A 1794 Faransa ta soke bauta. Wani tsohon bawa, Toussaint Louverture, ya zama gwamnan tsibirin. Mutane sun yi shekaru suna kwana suna tashi a matsayin 'ya'ya. Sai a farkon 1802 Napoliyon ya turo mijin ƙanwarsa, Janar Leclerc, da sojoji sama da dubu 20. A shekarar nan aka maido da bauta a tsibirin Guadeloupe, mutanen Haiti suka ji labari, suka gane abin da ake dafa musu. Toussaint kuwa an kira shi zaman sulhu aka kama shi, aka kai shi wani kurkuku mai sanyi a duwatsun Faransa, can ya mutu a watan Afrilu 1803.

Kuma kada wani ya ce muku yaƙin na maza ne. Akwai Sanite Bélair, mace ce mai muƙamin laftana, an kama ta tare da mijinta aka kashe su a watan Oktoba 1802. A Guadeloupe akwai wata da ake kira Solitude, da ciki ta shiga faɗan. Da suka kama ta ba su kashe ta nan take ba, sai da suka jira ta haihu, washegari suka rataye ta, a watan Nuwamba 1802. Kun san dalilin jiran? Jaririn kaya ne, ba a asarar kaya. Allah Sarki, ko wankan jego ba ta fara ba.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Zazzaɓin shawara ya yi ta ɗibar sojojin Faransa, shi kansa Leclerc ya tafi da shi. Wanda ya gaje shi, Rochambeau, har karnuka ya sayo daga Kuba don su yagi mutane, duk a banza. Napoliyon ya ga amarya tana suɓuce masa, ga yaƙi da Ingila yana tafe, ga aljihu yana neman kuɗi, to me zai yi da rumbu? Ya sayar. A ranar 18 ga Nuwamba 1803 Dessalines da mutanensa suka karya ragowar sojojin a Vertières, ranar 1 ga Janairu 1804 suka ce ƙasarsu Haiti ce. Shekarar ke nan da Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu.

To kun ga inda gizo yake saƙar. Kafin daular yaron nan mai turare ta tsaya da ƙafafunta, sai sojojin Leclerc sun ci yaƙi. Kafin a ce sun ci yaƙi, sai an mayar da dubun dubatar mutane cikin mari. Wannan shi ne shafin farko na labarin, shi ne kuma shafin da masu "da a ce" suke tsallakewa su tafi wajen zanen taswira da tuta.

Da na faɗa masa haka sai ya yi dariya, ya ce, "Haba Gwaggo, ƙage ne fa kawai." Ni zai koya wa ƙage? Da shi nake sayen omo da kalanzir. Na san marubuci shi yake zaɓen wanda zai zauna a kujera da wanda zai tsaya a bayanta, kuma yarinyar da ta karanta, wadda take kan kujerar za ta so ta zama. Ya sake cewa ai Amurkawan ma da suka sayi ƙasar sun ci gaba da bauta har yaƙin basasarsu da ya ƙare a 1865. Gaskiya ne, har bayin Luwiziyana sun yi nasu boren a 1811 aka murƙushe su. Amma don wani ɓarawo ya shiga gidan, sai in zauna ina kukan ɓarawon farko bai samu shiga ba? Mu ma nan an yi cinikin bayi a kasuwanninmu, ban manta ba, laifi tudu ne. Shi ya sa ma ba zan shafa wa na wani hoda ba.

Wani abin haushi kuma, har yau akwai masu cewa wai matarsa Josephine ce ta zuga shi, tunda 'yar masu gonar rake ce a Martinique. A 1991 har fille kan mutum-mutuminta aka yi a can. Ni ba lauyarta ba ce, iyayenta da gumin bayi suka ci suka sha. Sai dai namijin da ya juya Turai kamar waina, ya sa hannu a takarda da kansa, ranar da abu ya ɓaci sai a ce mace ce? Wannan waƙar mun saba jin ta a tsakar gidajenmu.

In dai "da a ce" ake so, ga wadda ta fi ci min rai. A 1825 Faransa ta turo jiragen yaƙi ta ce sai Haiti ta biya faran miliyan 150, diyyar dukiyar da iyayengiji suka rasa, wato har da su kansu mutanen. Daga baya an rage zuwa miliyan 90, amma bashin da suka ciwo don biya bai sake su ba sai 1947. Da a ce kuɗin nan makarantu da rijiyoyi aka yi da shi fa? Ban ji yaron ya kawo min wannan ba.

A cikin takardun da masu gonakin suke lissafa bayinsu, akan rubuta ƙabilar kowa a gefen sunansa. Akwai Kongo, akwai Nago, wato Yarbawa, akwai kuma wata kalma da suke rubutawa Aoussa. Na daɗe ina kallon ta kafin na furta ta a fili na ji abin da na faɗa.

Shafukan nan goma sha ɗaya na hura gawayi da su. Littafin rubutun yana nan ƙarƙashin filo, na soma daga shafi na goma sha biyu. Wata mace ce tsaye a bakin injin rake da asuba, barci yana fizgar ta, tana ƙirga raken da Hausa don kada ta gyangyaɗa.