Wa ke kula da uwar da ke goyon ɗan shekara goma?

Duk wanda ya taɓa leƙa sashen gashin ƙashi na babban asibiti a Kano ko Zariya da sassafe ya gan su: mata goye da yaran da suka daɗe da wuce shekarun goyo, ƙafafunsu na reto har gwiwar uwar. Da yawa daga cikin yaran nan lalurarsu ta samo asali ne daga doguwar naƙuda, ko shawarar da ta kama jariri ba a kai shi asibiti da wuri ba, ko sanƙarau. Amma a unguwa sai ka ji ana raɗa cewa ɗan ruwa ne.

A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, aka kuma kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020. Dokar ta yi maganar karatu da aikin yi da sauƙin shiga gine-ginen jama'a, abin a yaba ne. Sai dai mai jinya, wadda ita ce hannu da ƙafar yaron, ba kasafai ake tunawa da ita ba.

Ita ce ta ajiye sana'arta saboda ba mai riƙe mata yaro. Ita ce ta daina zuwa biki da suna da Islamiyya, har ƙawaye suka gaji da gayyata. Wata ma takardar saki ta biyo baya, ta koma gidan iyaye da ɗawainiyar da ta fi ƙarfinsu. Ga ciwon baya, ga rashin barci, ga kuɗin Keke Napep duk ranar asibiti. Abin da take samu daga jama'a bai wuce "sannu, Allah Ya ba ki lada" ba. Addu'a na da kyau, amma ba ta sayen kunzugu.

Ba sai an jira Abuja ba. Hukumomin zakka na jihohi da kwamitocin masallatai za su iya sanya waɗannan gidaje cikin jerin masu karɓa, musamman don sayen keken guragu da kuɗin mota. Masu unguwanni sun san gidajen ɗaya bayan ɗaya. Ƙungiyoyin mata kuwa, da suka iya tsara adashi ba tare da kuskure ba, za su iya tsara karɓa-karɓar zama da yaro na awa biyu ko uku a mako, uwar ta samu ta je kasuwa, ta ga likita don kanta, ko ta yi barci kawai.