A biya bashi kafin a tafi wurin tela

Zancenmu na yau a kan tufafin yara ne da bashin gida. Abin da ya haɗa riga da rumbu kuwa shi ne Salla.

Kowace shekara Salla tana matsowa baya da kamar kwana 11. A 2025 ƙaramar Salla ta zo a ƙarshen watan Maris, babbar Salla kuma a farkon Yuni. Tsakaninsu kamar kwana 70 ne kawai. Ke nan a shekarun nan duka biyu suna faɗowa cikin bazara, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, ga kuma shuka tafe. A lokacin ne magidanci yake neman kuɗin iri da na taki. A lokacin ne kuma uwargida take cewa: "Malam, yara fa ba su da kayan Salla."

To, mu yi lissafi. Mu ɗauka mutum yana da yara 6. A ce yadi da ɗinki da takalmi na kowane yaro sun ci jaka 5. Jaka 30 ke nan. In an sake sabo a babbar Salla, an kai jaka 60. Wanda ba shi da su sai ya karɓa wurin ɗan kasuwa, da alkawarin zai biya da hatsi in kaka ta yi. Amma a kaka hatsi araha yake, sai an auna tiya mai yawa kafin kuɗin su cika, ban da abin da mai bashi ya ɗora a kai. Irin wannan bashi ne mutanenmu suke kira "a ci ba daɗi". Rumbu zai ƙare da wuri, a koma kasuwa a sayi hatsin nan da tsada. Rigar da aka ci bashi dominta kuwa, kafin nan ta yi wa yaro kaɗan.

Kowa da irin bashin da yake wuyansa. Manomin Jiratawa yana da kuɗin ruwa da zai biya ƙungiya bayan kowane girbi, wanda ya bari suka taru masa yana iya rasa gonar. A Tibiri akwai bashin taki da na hatsin ci. A unguwar Zariya, cikin Maraɗi, akwai kuɗin haya da na wuta da bashin mai kanti. Ni a ganina, duk gidan da ake bin sa irin wannan bashi bai kamata ya ƙara wani don sabon yadi ba.

Na san abin da iyaye mata za su ce. Yaron maƙwabta zai fito da shadda, nasu ya fito da tsohuwa, a yi masa dariya. Wannan magana ce mai nauyi, ba ta raini ba ce, musamman a gidan da akwai kishiya. Amma yaro ɗan shekara 4 bai san shadda ba. Abin da ya sani shi ne riga mai tsabta da nama a hannu. Gorin na manya ne, su kuwa masu gorin ba za su taya ka biya ba ranar da mai bashi ya yi sallama. Maigida ya tara matansa tun kafin azumi, ya gaya musu yawan bashin, a yi wa ƴaƴan kowane ɗaki daidai wa daida. In an yi adalci, rigima tana raguwa.

Ba a ce yaro ya zauna tsirara ba. Akwai tufafin da lafiyarsa take bukata, su ba a yi musu rowa. Rigar sanyi da hula a lokacin hunturu, domin ƙaramin yaro ba ya jure sanyi kamar babba. Takalmi, ko na roba ne, domin ƙaya da kwalba da tsutsar ciki mai shiga ta tafin ƙafa. Sai sabulun wanki. Waɗannan su ne gaba da ado.

Sauran kuwa dabara ce. In za a ɗinka, a yi ɗinki ɗaya ya ɗauki Salla biyu. A gaya wa tela ya yi shi da ɗan girma, ya bar ninki a ƙafar wando da gefen riga, baɗi a warware. A karɓo ƙyallen da ya rage don faci. A kai ɗinki da wuri, domin a ƙarshen azumi tela ba ya sauraron ciniki. Zanen uwa da bai mutu ba yana fitar da riga da zane na ƴar yarinya. Babbar rigar uba tana fitar da ta yara biyu. Kayan wa kuma a wanke a adana wa ƙane.

Kayan bosho, wato gwanjo, babu abin kunya a cikinsu. Sai dai kada a sa wa yaro daga kasuwa kai tsaye. A wanke da sabulu da ruwan zafi, a shanya a rana, a goge, domin ƙwarƙwata da ƙazuwa suna bin tufafi. A duba ɗinki da hammata da maɓalli kafin a biya.

Mai son sabon kaya ba tare da bashi ba, hanyar tana nan kusa. A jihar Maraɗi aka fara asusun Mata Masu Dubara a 1991, yau ga shi ya bazu ƙasashe da yawa. Mace ta riƙa zuba dala 20 kowane mako, a mako 50 ta tara jaka 5, kuɗin kayan yaro guda ke nan. Maigida kuma ya samu littafi ya rubuta sunan duk mai bin sa, da yawan kuɗin, da ranar biya. Ya fara da bashin da yake haihuwa, sa'an nan na ruwa da na haya. Abin da ya rage bayan nan shi za a kai wa tela.