Gas ɗin esi ba ya ƙarewa, yoyo yake yi

Daga ƙarshen Fabrairu zuwa saukar ruwan farko, akwai jimla ɗaya da ke cin kuɗin ma'aikatan Samaru da 'yan kasuwar Sabon Gari: "Ranka ya daɗe, gas ɗinka ne ya ƙare." Mai gyara kan faɗe ta tun bai gama jingine babur ba. Mai gida ya biya, a ɗura, ɗaki ya yi sanyi na 'yan makonni, baɗi war haka a maimaita. Wannan jimla ƙarya ce, ko da mai faɗinta bai san ƙarya yake yi ba. Abin takaicin kuwa, ana sayar da ita ne a inuwar Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa tun 1962, take kuma yaye injiniyoyi duk shekara. Malamin da ba zai ƙyale ɗalibi ya wuce da magana marar hujja a kundin digiri ba, shi ne zai miƙa kuɗi ba tare da ya yi tambaya ko ɗaya ba.

Na'urar sanyaya ɗaki ba ta ƙona gas kamar yadda janareta ke shan fetur. Gas ɗin yana rufe ne a cikin bututun jan ƙarfe, yana zagaye tsakanin kan da ke cikin ɗaki da wanda ke waje. A ciki yakan ɗebi zafin ɗakin, kwamfreso ya matse shi, a waje ya fitar da zafin, ya dawo ya sake ɗiba. Firjin da ke kicin ɗinku haka yake aiki, ga shi yakan shekara goma ba wanda ya ƙara masa komai. Saboda haka duk esin da gas ɗinsa ya ragu, akwai kafa a wani wuri, galibi a mahaɗar bututu inda aka ɗaura goro ranar kafawa. Ɗura sabo ba tare da an toshe kafar ba ɗibar ruwa ne da kwando. Nemo ta kuma ba tsafi ba ne: kumfar sabulu a kan mahaɗa za ta nuna inda iska ke fita, sau da yawa ma danshin mai da ƙura ta manne wa ya riga ya nuna wurin.

Sau tari ma gas ɗin lafiyarsa lau, an bar jaki ne ana dukan taiki. Abubuwa uku ne suka fi kashe esi a Zariya, kuma babu wanda ɗurin gas ke magancewa a cikinsu.

Na farko ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na ta zuba ta a kan na'urar da ba a kunnawa, ba a kuma rufewa. Ragar tace ƙura ta ciki ta toshe, haƙarƙarin kan waje ya cushe. Idan iska ta kasa ratsa kan ciki, bututun kan yi sanyi fiye da kima har ƙanƙara ta kama shi, sanyi ya daina fitowa, ruwa ya fara ɗiga a bango. Ƙarancin gas ma yakan kawo ƙanƙara, shi ya sa alamar ke da sauƙin fassarawa yadda za ta kawo kuɗi. Amma wanke raga aikin minti goma ne da ruwa, wanda ya kamata a yi duk mako biyu a lokacin zafi. Ɗigar ruwa kuwa, yawanci bututun fitar da ruwa ne ya toshe da laka, ko zanzaro ya gina ɗakinsa a bakinsa.

Na biyu wuta. An ƙera waɗannan na'urori ne don wuta mai ƙarfin bolt 230 ko kusa da haka. A unguwannin da gidaje suka yi wa taransifoma ɗaya yawa, kamar yadda ake gani a lungunan hayar ɗalibai, ƙarfin kan faɗi sosai da daddare, daidai lokacin da kowa ya kunna tasa. Idan ƙarfin wuta ya ragu, kwamfreso kan ja wuta fiye da kima don ya juya, wayar cikinsa ta yi zafi, a hankali ta ƙone. Haka nan idan an ɗauke wuta aka dawo da ita nan take: matsin gas ɗin na bukatar kamar minti 3 kafin ya daidaita, tayar da kwamfreso kafin nan kamar tayar da mota ne a giya a kan tudu. Akwai kuma kafasita, 'yar ƙaramar aba mai kamar gwangwani da ke taimaka wa kwamfreso tashi. Zafi da hawa da saukar wuta kan kashe ta. Alamarta ita ce fanka na juyawa, kan waje na gurnani, sanyi babu. Kuɗinta bai kai ko kusa da na kwamfreso ba, amma mutum nawa aka ce wa injinsu ya mutu alhali ita kaɗai ce ta kumbura?

Na uku wurin kafawa. Ku zaga Sabon Gari da la'asar ku ƙirga kawunan esi da aka manna a bangon yamma, rana na dukansu, an kuma kulle su cikin kejin ƙarfe matsattse saboda ɓarayi. Na'urar da aikinta shi ne fitar da zafi, an hana ta numfashi a ranar da zafin gari ya doshi maki 40. Sannan ga ginin kansa: bulon siminti, rufin kwano, silin marar kauri, babu bishiya ko ɗaya a tsakar gida. Magina irin su Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na birnin Zazzau a ƙarni na 19, sun san kaurin bangon ƙasa da tsayin soro su ne ke tare zafi. Mun watsar da wannan ilimi, muka gina tanderu, muka ce inji ya sanyaya mana shi.

Za a ce laifin na wutar lantarki ne da talauci, mai gyara kuma abincinsa yake nema. Akwai gaskiya a ciki. Yaron da ya koyi aikin a gindin ubangidansa bai taɓa ganin an zuƙe iska da danshi daga bututu da famfo kafin a ɗura gas ba, kayan aikin kuma suna da tsada. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne ke taya kuɗin aiki har ya koma abin da ba zai isa a tsaya neman yoyo ba. Mu ne ke biyan kuɗin gas da sauri domin muna ganin silinda, mu yi ƙorafi idan aka ce mu biya ladan awa biyu na bincike. Kasuwa tana ba mu abin da muke biya ne. Rashin kyawun wuta kuma hujja ce ta sayen sitabilaiza mai jinkirta tashi, ba ta zama uzurin barin na'ura a banza ba.

Asarar ba ta tsaya a kuɗin gyara ba. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashin wutar rukunin A zuwa naira 225 a kowane yunit, kafin a ɗan sassauta daga baya. Esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana jan kilowat ɗaya da ɗoriya. Idan ya kwana awa 8 kwamfreso bai huta ba, ya ci yunit 9 ko fiye, wato kusan naira 2,000 a dare ɗaya ga wanda ke wannan rukuni. Na'ura mai datti ko mai yoyo ba ta hutawa, haka ma wadda aka saita a maki 16. Saka 16 ba ya sa sanyi ya zo da sauri, hana kwamfreso tsayawa kawai yake yi. Maki 24 zuwa 26 tare da fanka ya wadatar. Gas ɗin da ke tsiyaya ma yana da nasa ɓarnar. Tsofaffin na'urori da dama R22 suke amfani da shi, wanda ke cin malfar ozon, kuma a ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ana sa ran ƙasashe irin Najeriya su kusan rabuwa da shi nan da 2030. Sababbi na amfani da R410A ko R32, kuma ba a gauraya su. Sunan gas ɗin na rubuce a jikin kan waje.

Don haka duk wanda aka ce wa gas ya ƙare, ya yi tambaya uku kafin ya taɓa aljihu. Ina yoyon yake, a nuna mini? Wane gas ne a silindar nan, ya dace da abin da ke rubuce a jikin na'urar? Za a zuƙe iskar bututun kafin a ɗura? Mai gyaran da ya amsa ukun nan ya cancanci ninkin abin da kuka saba biya, ku kuma riƙe lambarsa. Ku kira shi a Fabrairu ya wanke kan waje, ya duba kafasita da mahaɗai, tun layi bai yi tsawo ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda kuma ya kasa amsa ko ɗaya, a ba shi ruwa ya sha, a sallame shi da silindarsa.