Magatakardan da Ba Ya Fita Daga Ɗaki

Duk wanda ya taɓa sa ChatGPT ko Gemini ya tsara masa wasiƙar ofis ya san gajiyar maimaita bayani. Kowace safiya sai an sake gaya wa manhajar ko wane ne mai rubutun, ina yake aiki, wa za a aika wa takardar, da irin lafazin da shugaban sashe yake so. Mataimakin da ba ya tuna jiya tamkar magatakarda ne da ake ɗauka da safe a sallame shi da yamma, gobe kuma a nemo wani. Wannan ne ya sa kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suka duƙufa wajen ba manhajojinsu ikon tunawa. Kamfanin OpenAI ya sanar da nasa a watan Fabrairun 2024, sannan a Afrilun 2025 ya faɗaɗa shi har ChatGPT yana iya waiwayar tsofaffin hirarrakin da aka yi da shi.

Amfanin abin ba ya buƙatar dogon bayani. Sai dai abin da ke sa magatakarda ya yi amfani shi ne kuma ke sa a ji tsoronsa, wato sanin sirrin gida. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma a fadar sarki ko a zauren alƙali ba a miƙa alƙalami sai ga wanda aka tabbatar yana da ciki. Lauyan da yake so manhaja ta tuna da shari'o'insa yana miƙa mata asirin waɗanda yake karewa ne. Haka likita da tarihin marasa lafiya, haka akanta da littafin kamfani. Saboda haka tambayar farko ita ce: ina ake ajiye abin da aka tuna, kuma hannun wa zai iya kaiwa gare shi?

Abubuwa biyu da suka faru sun isa su nuna nauyin tambayar. A shekarar 2023 wasu ma'aikatan Samsung sun zuba sirrin manhajojin kamfanin a cikin ChatGPT don ya taya su gyara, abin da ya sa a watan Mayu kamfanin ya hana amfani da irin waɗannan manhajoji a na'urorinsa. Na biyun ya fi ban tsoro, domin babu wanda ya yi sakaci a cikinsa. A ƙarar da jaridar New York Times ta shigar kan OpenAI, wata kotu a New York ta ba da umarni a watan Mayun 2025 cewa kamfanin ya adana hirarrakin masu amfani da manhajarsa, har da waɗanda masu su suka goge. Umarnin ya yi watanni yana aiki. Mutumin da ya danna maɓallin gogewa a Kaduna ko a Maraɗi bai san da shari'ar ba, ba a kuma nemi jin ta bakinsa ba, amma ta shafi rubutunsa. Bayanin da ya bar na'urar mai shi ya shiga ƙarƙashin dokar ƙasar da ya sauka.

Daga nan ne ra'ayin ajiye komai a cikin na'ura ya samo ƙarfinsa, kuma ra'ayi ne mai tushe. Tun a watan Maris na 2023, lokacin da wani mai tsara manhaja ɗan ƙasar Bulgeriya, Georgi Gerganov, ya fitar da llama.cpp, aka tabbatar cewa injin harshe zai iya aiki a kwamfutar ofis ba tare da intanet ba. Dabarar ita ce a matse lambobin da injin ya ƙunsa, ta yadda mai ma'auni biliyan 8 zai tsaya a wajen gigabait 5. Manyan kamfanoni sun bi sahu. Google ya sa Gemini Nano a wayar Pixel 8 Pro a ƙarshen 2023, Apple kuma ya gabatar da Apple Intelligence a Yunin 2024, da inji mai ma'auni kusan biliyan 3 da ke aiki a cikin wayar kanta, yana gyara rubutu yana taƙaita saƙonni.

Yana da kyau a fahimci abin da ake nufi da tunawa a nan, domin kalmar tana ruɗarwa. Injin ba ya sake koyon komai daga takardun mai shi. Abin da manhajar take yi shi ne ta yanyanka takardu da saƙonni gunduwa-gunduwa, ta mayar da kowace gunduwa jerin lambobi masu wakiltar ma'anarta, ta jibge su a wata ma'ajiya. In aka ce ta rubuta wasiƙa ga wani ɗan kwangila, sai ta lalubo gunduwoyin da suka fi kusa da batun, ta haɗa su da buƙatar, ta miƙa wa injin. Ma'ana, tunanin mataimakin fayil ne kawai da ke zaune a kwamfuta. Fayil kuwa ana buɗe shi, ana kwafarsa, ana sace shi, kotu ma tana iya neman a kawo mata shi.

Kamfanin Microsoft ya koyi wannan darasi a bainar jama'a. A watan Mayun 2024 ya sanar da Recall, wani tsari da ke ɗaukar hoton allon kwamfuta a kai a kai, ya karanta rubutun da ke ciki, ya adana, domin mai ita ya iya neman duk abin da ya taɓa gani. Hujjar kamfanin ita ce komai yana zaune a na'urar, babu abin da ke fita. Gaskiya ne, amma masu binciken tsaro, cikinsu har da Kevin Beaumont, sun nuna cewa ma'ajiyar rubutun a buɗe take, duk muguwar manhajar da ta kutsa cikin kwamfutar za ta iya kwashe ta cikin ɗan lokaci. Ɓarawon da a da sai ya sha wahalar lalube, yanzu an tara masa kayan watanni a ɗaki guda. Microsoft ya ɗage fitar da tsarin a watan Yuni, bai sake shi ga jama'a ba sai Afrilun 2025, bayan ya kulle ma'ajiyar, ya sa sai mai na'ura ya kunna da kansa, kuma sai ya tabbatar da shi ne ta hanyar Windows Hello kafin ya duba.

Gyaran ya rage haɗarin sata, amma akwai matsalar da kulle ba ya warwarewa. A watan Mayun 2025 manhajar aika saƙo ta Signal ta toshe ɗaukar hoton allonta a Windows 11, musamman saboda Recall. Dalilinta ya cancanci a tsaya a kansa: mai kwamfutar ne ya yarda a riƙa tuna abin da ke allonsa, amma wanda ya aiko masa da saƙo bai yarda da komai ba. Wannan shi ne gurbin da tallace-tallacen kamfanoni suke tsallakewa. Mafi yawan abin da ke cikin aikin ƙwararre ba sirrinsa ba ne, amanar wasu ce. Mara lafiyar da ta gaya wa likita abin da ba ta gaya wa mijinta ba ta yi hakan ne da zaton maganar za ta tsaya a fayil guda. Ba ta san an yi wata ma'ajiya ta biyu ba, wadda za ta iya cusa labarinta cikin wasiƙar da ake rubuta wa wani daban, don kawai batutuwan sun yi kama. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin rukunin da ke buƙatar kulawa ta musamman, ta kuma gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane waje. Ajiyewa a na'ura ya sauƙaƙa batun fitarwa. Nauyin kulawar kuwa ya dawo kacokan kan mai na'urar, wanda sau da yawa kwamfutarsa ba ta da ko kalmar sirri mai ƙarfi, kuma idan ta lalace a shagon mai gyara take kwana.

Akwai kuma batun gurɓata tunanin. A 2024 wani mai bincike, Johann Rehberger, ya nuna cewa za a iya ɓoye umarni a cikin takarda ko shafin intanet, ChatGPT ya karanta, ya adana ƙarya a matsayin abin da ya sani game da mai shi. Wannan rauni bai danganta da inda ma'ajiya take ba. Mataimakin da ke karanta duk imel ɗin da ya shigo yana karanta har da na maƙiyi.

Sannan kalmar "a cikin na'ura" ita kanta tana buƙatar bin diddigi. A tsarin Apple, buƙatar da ta fi ƙarfin wayar ana tura ta ga manyan kwamfutocin kamfanin, bisa alƙawarin cewa ba za a adana ta ba, kuma kamfanin ya ba masu bincike damar duba manhajar da ke gudana a can. Wannan ya fi abin da akasarin kamfanoni suke yi, amma dai alƙawari ne. Wasu ƙananan manhajojin suna ajiye ma'ajiyar a kwamfuta, su tallata hakan da babbar murya, alhali duk gunduwar da suka lalubo suna aika ta waje ne don a yi rubutun. Kwafin ajiya da ke tafiya kai tsaye zuwa iCloud ko OneDrive shi ma wata ƙofa ce. Idan kuma kwamfutar ta ofis ce, to abin da mataimakin ya tuna mallakar ofis ne, kuma ranar da ma'aikaci ya ajiye aiki zai bar shi a kan tebur tare da makullai.

Duk da waɗannan, hanyar ita ce mafi dacewa, kuma bai kamata jerin matsalolin ya ɓoye hakan ba. Haɗarin da ke cikin na'ura haɗari ne da mai ita zai iya yin wani abu a kai: ya kulle, ya goge, ya cire intanet. Haɗarin da ke rumbun wani kamfani a wata nahiya ba shi da ta cewa a cikinsa. Ga wanda ke aiki inda layin sadarwa ke zuwa yana ɗaukewa, kuɗin data kuma yana cin aljihu, mataimakin da ba ya buƙatar intanet yana da wata fa'ida ta daban.

Abin takaicin shi ne tsada. Kwamfutocin Copilot+ da Recall ke aiki a kansu suna buƙatar ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 16 da wani sashe na musamman mai yin lissafi tiriliyan 40 a daƙiƙa. Apple Intelligence ba ya aiki a wayar da ta gaza iPhone 15 Pro. Wayoyin Tecno da Infinix da Itel masu sauƙin kuɗi, waɗanda suka cika kasuwar Farm Centre a Kano, akasarinsu ba su kai wannan ƙarfi ba. Kuma ƙaramin inji ya fi babba rauni a harsunan da ba su da yawan rubutu a intanet. Wanda ya gwada sa irinsu rubuta Hausa ya ga yadda suke zubar da ƙugiyoyin haruffa, suna rikita jinsi, suna ƙirƙiro kalmomin da babu su. Apple Intelligence ya fara ne da Turancin Amurka a Oktoban 2024, ya ƙara harsuna irin su Faransanci da Jamusanci, Hausa ba ta cikinsu. Sakamakon shi ne mai rubutu da Turanci a kwamfuta mai tsada zai samu sirri da inganci tare, mai rubutu da Hausa kuwa sai ya zaɓi ɗaya.

Ƙwararren da yake shirin ɗaukar irin wannan mataimaki yana da gwajin da ba ya buƙatar ilimin injiniya. Ya katse intanet ya ga ko manhajar za ta ci gaba da rubutu. In ta tsaya, to aikin a waje ake yin sa. Ya nemi ta nuna masa jerin abubuwan da ta tuna, ya ga ko zai iya gyara guda ko ya goge shi, domin tunanin da ba a iya dubawa ba a iya tsarkake shi. Mafi muhimmanci ga lauya da likita, ya duba ko manhajar tana raba ma'ajiya, ta yadda takardun Alhaji wane ba za su taɓa haɗuwa da na Hajiya wance ba, kuma in an rufe shari'a ko an sallami mara lafiya a iya share ɓangarensa shi kaɗai. Manhajoji da yawa suna cin gwajin farko, wasu suna cin na biyu. Na ukun ne ya kamata ƙungiyoyin lauyoyi da na likitoci su sa a matsayin sharaɗi kafin su yarda mambobinsu su ɗora takardun mutane a kan kowace irin manhaja.