Dutsen lasa ga bisashen Tarka

In aka ga saniya tana tauna ƙashi a bakin rijiya, jikinta ne ke neman abin da busasshiyar ciyawar rani ta rasa, musamman sinadarin fosfor, mai gina ƙashi da kawo nono.

Tun kaka da kakanni Fulani da Abzinawa ke kora bisashe arewa da damina, wajen Ingal da Tegidda, su ci ɗanyar ciyawa su sha ruwan gishiri. Amma gonakin Damargu sun cinye burtali da yawa, garken da ya tare gindin famfo kuwa ba ya samun wannan magani. Kantun Bilma da kanwar Manga suna taimakawa, sai dai ba su da fosfor na kirki.

A Ferlo ta ƙasar Senegal, cikin shekarun 1960, shanun da suka zauna bakin rijiyoyin burtsatse sun koma cin ƙasusuwan mushe, cutar shanyewar jiki ta hallaka su da yawa.

Wajibi ne ma'aikatan kiwo na Belbeji da Tanut su kai dutsen lasa mai fosfor kasuwannin karkara tun watan Fabrairu, bisa farashin da talaka zai iya biya, kuma su sa a riƙa ƙone mushe ko a binne shi.