A Jarraba Bayanin Kayan Aiki Kafin A Zargi Na'ura

Akwai wata magana da ta taso a wajen masana kwamfuta, wadda ya kamata akawuna da malaman makaranta su san ta, gama ba da daɗewa ba za ta iske su a teburinsu. Watau maganar na'urorin nan masu ƙirƙirarriyar basira da a ke sa su aikin ɗan aike. A kan ce musu su nemo takarda a fayil, ko su canja wa fasinja ranar tafiya, su kuwa su zaɓi kayan aikin da ya dace cikin manhajojin da a ka jera musu.

To, yaya ɗan aiken nan ya ke gane kayan da zai ɗauka? Abin da a ke ba shi kurum shi ne sunan kayan, da 'yan layuka masu bayyana amfaninsa, da guraben da zai cika, kamar dai fom. Kamfanin OpenAI na Amurka ya shigar da wannan hanya cikin na'urarsa a watan Yuni na 2023. A watan Nuwamba na 2024 kuma kamfanin Anthropic ya fito da ƙa'ida mai suna Model Context Protocol, wadda OpenAI da Google su ka karɓa a 2025. Yau kayan aiki irin wannan sun kai dubbai, kowane da bayanin da wani mutum ya rubuta masa.

Ra'ayina shi ne, kada a amince da bayanin nan don kawai mai shi ya karanta ya ga ya yi daidai. Mai rubutu ya riga ya san abin da ya ke nufi, saboda haka idonsa ba ya ganin giɓin da ya bari. Kowane malami ya san in yara arba'in su ka zauna jarrabawa, talatin su ka faɗi a tambaya ɗaya da irin amsa ɗaya, tambayar a ke fara tuhuma. Haka in a ka ce wa sabon akawu ya cika kwanan wata ba a faɗa masa tsarin ba, 03/04 uku ga Afrilu ne a Ingila, a Amurka kuwa huɗu ga Maris ne. Akawu ya iya tashi ya tambayi babbansa. Na'ura sau da yawa sai ta cika abin da ta zata, ta wuce.

A watan Disamba na 2024 ma'aikatan Anthropic sun bayyana cewa da su ke shirya ɗan aikensu domin jarrabawar gyaran manhaja mai suna SWE-bench, lokacin da gyaran kayan aiki ya ci ya fi wanda rubuta babban umurni ya ci. Sun lura ya kan yi kuskure wajen nuna inda fayil ya ke in ya bar ma'ajiyar da ya fara aiki a ciki. Sai su ka sa kayan ya riƙa neman cikakken adireshi tun daga tushe, kuskuren ya ƙare. Ku lura, kallon aikinsa ne ya tona musu wannan.

Hanyar ke nan. A ba shi ayyuka na gaske, a ƙirga waɗanda ya kammala, a karanta matakan da ya bi ɗaya bayan ɗaya, a gyara jimla ɗaya cikin bayanin, kana a sake. Gwaji ɗaya kuwa bai isa ba. A 2024 kamfanin Sierra ya shirya jarrabawa mai suna tau-bench a kan aikin kanti da na ofishin jirgin sama. GPT-4o bai ci rabin ayyukan ba, da a ka maimaita masa kowane aikin kanti sau takwas kuwa, waɗanda ya ci duka takwas ɗin ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ba na cewa bayani ne ya jawo wannan duka, amma wanda ya gwada sau ɗaya ya sa hannu, sa'a ya auna.

Waɗansu za su ce na'urorin suna ƙara wayo, nan gaba za su riƙa gane nufi ko da bayani ya gaza. Mai yiwuwa ne. Amma wane ma'aji ne zai yarda a biya albashi bisa zato, kome wayon mai zaton? Ga kuma wani haɗari. A watan Afrilu na 2025 masu bincike na Invariant Labs sun nuna ana iya ɓoye mugun umurni a cikin bayanin kayan aiki, inda mai amfani ba ya gani, na'ura ta karanta ta bi, har ta fitar da takardun asiri.

Saboda haka duk ofishin ko makarantar da za ta sayi irin wannan, lalle ta nemi mai sayarwa ya nuna cikakken bayanin kowane kaya da sakamakon gwajinsa. Gwajin kuma a yi shi da takardun wurin. A sa shi ya nemo Ɗanladi a rajistar da a ka rubuta Danladi, a ga ko bayanin ya gaya masa mutum ɗaya ne.