Wa Ke Riƙe Da Ɗaya Bakin Igiyar?

Yau da laifina zan fara, domin saura ƙiris na jefa wani abu a kwandon shara, wanda da na jefa da na daɗe ina da-na-sani.

Wata ranar Asabar ina kicin sai na ji ƙauri, ba na girki ba, irin na roba idan ta taɓa wuta. Na bi shi har ɗakin yara. Na tarar da Auta, ɗan shekara 14, durƙushe a ƙasa. Ya datse wata igiyar lantarki, ya fere bakinta, siraran wayoyi kala-kala sun baje kamar gemun masara. A hannunsa akwai ƙarfen narka dalma irin na masu gyaran rediyo, ledar ɗakin kuwa ta riga ta samu huji.

Ban tsaya jin bahasi ba. Na tattara komai na kulle a durowa.

"Umma, don Allah ki tsaya ki ji."

"Ba abin da zan ji. Gidan kake so ka ƙona mana?"

Washegari da safe yayansa, ɗan farina da ke karatu a Malesiya, ya kira ni. Bayan gaisuwa sai ya ce, "Umma, ki yi haƙuri, ni na sa shi. Igiya muke son ƙarawa tsawo." Na ce wace igiya? Bayanin da ya yi mini shi ne na kawo muku yau.

Na'urar da ta girmi 'ya'yanmu

Da yawanmu mun tuna ɗan gem ɗin nan na jera bulo da muka yi yayi muna yara, mai ƙara ƙit-ƙit har sai an ƙwace shi. To wancan kwaikwayo ne mai araha na wani wasa mai suna Tetris, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a birnin Mosko a shekarun 1980. Na'urar da ta kai Tetris aljihun duniya ita ce Game Boy, ta kamfanin Nintendo na ƙasar Japan, wadda ta fito a 1989. Batir huɗu take ci, fuskarta ba kala sai wani kore-kore, kuma kaset ake cusa mata. Ita da ƙanwarta Game Boy Color ta 1998 an sayar da sama da miliyan 118.

Guda biyu muke da su a gida. Ƙanena ne ya samo su a kayan gwanjo shekarun baya, ya ba yaran, kowa ɗaya. A gefen kowace akwai wata 'yar kafa da ake soka igiya. Idan aka haɗa na'ura biyu, sai mutum biyu su yi gasa. Igiyar ba ta kai taku biyu ba, saboda haka dole abokin wasanka ya zauna kusa da kai, gwiwa da gwiwa. Haka yarana suka girma a kan tabarma ɗaya, suna faɗa suna shiryawa.

Wannan igiya tana da tarihi. Satoshi Tajiri, mutumin da ya ƙirƙiro Pokémon, yana yaro tara ƙwari ne abin sha'awarsa. Da ya ga igiyar sai ya riya a ransa ƙwari suna bi ta kanta daga wannan na'ura zuwa waccan. Da wasan ya fito a Japan a 1996, kaset iri biyu aka yi, kowanne an rage masa wasu halittu da gangan. Ba yadda yaro zai tara su duka sai ya nemi ɗan'uwansa sun yi musanye. Wato tun daga tushe an gina wasan ne don ya tilasta wa yaro neman wani.

Da babban ya tafi karatu, ya tafi da tasa, Auta ya riƙe tasa. Igiyar ta zama ba ta da amfani.

Abin da ban lura da shi ba shi ne, ba igiyar kaɗai ta daina aiki ba. Idan yayan ya kira na miƙa wa Auta waya, hirar ba ta wuce, "Yaya ina wuni. Lafiya lau. Ya karatu? To ga Umma." Shekara bakwai ke tsakaninsu, kuma maza ba su iya zaman hira haka kawai ba, sai da wani abu a hannu. Ni kuwa na ɗauka shirun da Auta ke yi girma ne ya zo.

Yadda ake ƙara wa igiya tsawo

Game Boy ba ta san intanet ba, kuma ba za ta taɓa sani ba. Dabara ake yi mata. A 2021 wani masanin tsaron kwamfuta ɗan ƙasar Jamus, wanda aka fi sani da stacksmashing, ya nuna yadda ake buga Tetris na Game Boy ta intanet, ya kuma saki bayanin aikin a fili don duk mai so ya haɗa nasa.

Zuciyar abin wani ɗan allon lantarki ne mai suna Raspberry Pi Pico, tsawonsa kamar ɗan yatsa. Kamfanin da ke yin sa a Ingila yake, ya fito da shi a farkon 2021 a kan dala 4. Ana datse igiyar Game Boy, a liƙa wayoyinta a jikin allon, shi kuma a jona shi da kwamfuta. Sai allon ya riƙa yi wa Game Boy magana da yarenta, ita kuma ta ɗauka 'yar'uwarta ce a gefe. Duk abin da ta faɗa, kwamfuta ta aika ta intanet zuwa ɗaya allon da ke wata ƙasa. Kamar tsohuwa ce da ba ta iya waya ba, jika ya zauna kusa da ita yana isar da saƙo.

Akwai wurin da ake yin ɓarna. Game Boy ta asali da wuta mai ƙarfin bolt 5 take magana, shi kuwa Pico 3.3 yake ɗauka. Dole a sa wani ɗan abu a tsakani mai daidaita wutar, in ba haka ba allon na iya lalacewa.

Ba kowane wasa ne ke yarda da nisa ba. Saƙo yana ɗaukar ɗan lokaci kafin ya ƙetare teku ya dawo. Tetris yana jurewa domin abin da na'urorin ke faɗa wa juna kaɗan ne: ina bulonka ya kai, kuma layi nawa zan turo maka. Wasannin tsere da na dambe, da ke son amsa cikin ƙiftawar ido, su ne suka fi ba da wahala.

Abin da na yi

Na buɗe durowa, amma da sharaɗi. Na riƙe hannun Auta muka je shagon mai gyaran waya na bakin titinmu. Ya juya allon, ya duba liƙin, ya yi murmushi.

"Hajiya, yaron nan yana da kai, hannu ne bai faɗa ba. Ki bar mini shi Asabar biyu."

Shi ya gano cewa Auta ya juya wayoyi biyu: wadda ke fitar da saƙo da wadda ke karɓa sun sauya wuri. Shi ya koya masa inda ake ajiye ƙarfe mai zafi, da yadda ake gwada kowace waya kafin a ba ta wuta. A can kuma yayan ya haɗa nasa da taimakon wani abokin karatunsa.

Malesiya tana gabanmu da awa bakwai. Ranar Asabar ƙarfe biyu na rana a nan, tara na dare a can, suka jona. Suka kira juna a waya suka ajiye ta a gefe. Ina tsakar gida na ji ihu: "Umma, na cinye Yaya! Wallahi na cinye shi!"

Ba cin ne ya tsaya mini a rai ba. Abin da ya biyo baya ne. Ido na kan bulo, baki ya saki. A tsakiyar wasa na ji Auta yana gaya wa yayansa cewa akwai wasu yara a ajinsu da suka sa shi gaba tun farkon zangon karatu. Wata uku yana ɗauke da wannan magana, ni da nake zuba masa abinci kullum ban sani ba. Litinin mahaifinsa ya je makarantar.

Kafin ki ƙwace, kafin ki ƙyale

Ban ce kowace uwa ta fita neman Game Boy ba. Samun ta a nan sai an tona, kuma gem dai gem ne, yana cin lokaci idan ba a sa masa iyaka ba. Amma na sauya tambayar da nake yi. Da ina cewa, "Awa nawa ka yi a kai?" Yanzu da wannan nake farawa: "Da wa kake yi?"

Yawancin wasannin da ke cikin wayoyinmu suna jefa yaro cikin taron mutanen da bai sani ba, ga talla, ga a sayi wannan a sayi wancan. Tsohon kaset ba talla, ba wurin hira da baƙo, ba abin da zai zare miki kuɗi daga asusu. Sai dai kada mu ruɗi kanmu: umarnin haɗa abin a intanet yake, kuma zaurukan da masu wannan sha'awa ke taruwa cike suke da baƙi. Saboda haka ga dokokin gidana:

Ƙarfen narka dalma ba a kunna shi sai da babba a wurin, a kan tebur, taga a buɗe. Dalma guba ce, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci, kuma a nisanta ta daga ƙanana masu sa komai a baki.

Duk aikin a kan batir da kwamfuta yake tsayawa. Yaro ba ya kusantar soket ɗin bango da gwaje-gwajensa.

A cire batir idan an gama, domin tsohon batir yana zubar da ruwan da ke cinye na'ura.

Kwamfuta a falo take zama, kuma sai na san sunan wanda ke ɗaya ɓangaren. Idan ban san uwarsa ba, ba a jona ba.

Hausawa suka ce zumunci a ƙafa yake. Yarana ƙafa ba za ta kai su ga juna ba sai an yi hutu, shi ya sa suka nemi wata hanya. Hujin ledar yana nan, na rufe shi da darduma, kuma ba na jin haushinsa.

Ke fa, 'yar'uwa? Wane abu kika taɓa ƙwacewa a hannun yaronki, daga baya kika gane ba ɓarna yake yi ba? Kuma masu 'ya'ya a nesa, me ke sa su hira da ƙannensu? Ku rubuto a ƙasa, zan karanta duka. Sai mun haɗu mako mai zuwa.